Kifin zinari a ɗaki: Wanda ya iya kiwon ruwa shi ya iya kiwon kifi

Yaran Danja da Dabai da Kahutu da Tandama ba baƙin kiwo ba ne. Da wuya a shiga gida a rasa kaji ko awaki ko tantabaru, kuma tun yaro yana firamare ya san lokacin ba da dusa da lokacin kai ruwa. Kifi ma mun san shi, sai dai galibi a cikin miya ko a soye: ga tarwada, ga karfasa. To, akwai wani kifin da ake ajiyewa don kallo kawai. Wanda ya taɓa shiga wani otal ko babban kanti a Kano ko Kaduna, ƙila ya ga akwatin gilashi cike da ruwa, wasu kifaye masu launin ruwan lemo da ja suna kai da kawowa a ciki. Shi ne kifin zinari, wanda masu sayar da shi ke kira golfish.

Sha'awarsa ba ta da wuyar shiga rai. Matsalar ita ce sau da yawa akan sayo shi a leda, a zuba shi a kwalba ko ƙaramin kwano, kafin mako biyu a wayi gari yana yawo a saman ruwa ciki a sama. Daga nan sai a ce ai dama ba ya daɗewa, ko kuma ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba. Gaskiyar magana, kifin zinari da ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15. Wani mai suna Tish da aka ajiye a wani gida a Ingila ya shekara 43 kafin ya mutu a 1999, har ya shiga kundin tarihi na Guinness. Abin da ke kashe shi da wuri kusan kullum abu ɗaya ne: ruwan da aka sa shi a ciki. Don haka darasinmu na wannan mako shi ne, mai son kiwon kifi ya fara koyon kiwon ruwa.

Daga ina ya fito?

Asalinsa ƙasar Sin ce. Kakanninsa kifayen kogi ne masu launin toka-toka da azurfa, waɗanda ake kiwo don ci. Lokaci-lokaci sai a samu wani ya fito da launin rawaya ko ja, sai mutane suka riƙa ware irin waɗannan suna haɗa su da junansu, kamar yadda manomi ke ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri. A zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, ya riga ya zama kifin ado a tafkunan fada da na masu hali. A zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, aka riƙa ajiye shi a cikin manyan tukwanen tangaran a gida. Ya isa Turai a ƙarni na 17, ya isa Amurka a ƙarni na 19.

A yau kashi biyu ne manya. Akwai mai dogon jiki da wutsiya ɗaya, wanda ke da gudu kuma yake iya kai santimita 25 zuwa 30, wato tsawon rula ta makaranta. Wannan ya fi dacewa da tafki ko babban tanki. Akwai kuma mai dunƙulallen jiki da wutsiya biyu kamar gyale, wanda ba ya sauri kuma yakan tsaya a santimita 15 zuwa 20. Shi ya fi dacewa da ɗaki. Ba a so a haɗa su wuri ɗaya, domin mai gudun zai riƙa cinye abinci ya bar ɗan uwansa da yunwa.

Akan ce kifin zinari yana manta komai bayan daƙiƙa uku. Bincike ya ƙaryata haka. A 2022 masana a Jami'ar Oksfod ta Ingila sun koya wa kifayen zinari 9 yin iyo na santimita 70 su juyo su karɓi abinci, kuma da aka cire alamar da ke nuna musu wurin juyowa, yawancinsu sun ci gaba da ƙiyasta nisan da kansu. Mai kiwo ma zai lura cewa bayan 'yan kwanaki kifin yana gane lokacin cin abinci.

Gubar da ba a gani

Duk ɗan manomi ya san takin yuriya, ya kuma san warin da ke tashi idan aka bar shi a jiƙe, mai shiga hanci ya sa ƙwalla. Warin amoniya ke nan. A gona, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasa suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda shi ne masara da tumatur ke sha ta saiwa. Wannan ne zagayen naitirojin da ake koya mana a darasin kimiyyar noma da na bayoloji.

Abin da ke faruwa a gonar tumatur, shi ne ke faruwa a akwatin kifi. Kifi yana fitar da amoniya ta jajayen naman nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa, waɗanda yake numfashi da su. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna ƙara ta. A kogi, ruwa mai yawa ne ke kwashe ta. A kwalba kuwa ba ta da wurin zuwa. Tana taruwa, tana ƙona wurin numfashinsa, alhali ruwan a ido yana nan garau. Naitirait shi ma guba ne, domin yana hana jini ɗaukar iskar oksijin. Naitiret ne mai sauƙi a cikinsu, shi ma idan bai yi yawa ba. Kifin zinari kuwa maciyi ne, yana fitar da ƙazanta fiye da yawancin kifayen ado.

Mafita biyu ce. Ta farko, a raini bakteriyar nan masu amfani a cikin akwatin. Suna zaune ne a jikin soson mataci da tsakuwar ƙasa, kuma suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Ta biyu, a riƙa ɗebe wani kaso na ruwan ana sabuntawa, don rage naitiret. Wanda ya fahimci waɗannan biyun ya fahimci rabin kiwon kifi.

A gina gida kafin a kawo baƙo

Ƙaramin kwano mai siffar ƙwallo yana da kyau a hoto, amma ruwansa kaɗan ne, bakinsa ƙarami ne, iska ba ta samun wurin shiga. Saboda haka ne a 2005 hukumar birnin Rum na Italiya ta hana ajiye kifi a irinsa. Shawarar da masu kiwo suka fi bayarwa ita ce kimanin lita 75 ga kifi ɗaya mai dunƙulallen jiki, a ƙara kimanin lita 40 ga kowane ƙari. A lissafinmu na gida, jarka uku masu lita 25 ke nan ga kifi na farko, kusan jarka biyar ga guda biyu.

Ga ɗan lissafi ga 'yan aji: a auna tsawo da faɗi da zurfin akwatin da santimita, a ninka su, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Akwati mai tsawon 80, faɗin 35, zurfin 40 zai ɗauki lita 112. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato wannan akwatin ya fi buhun masara nauyi. Teburin karatu mai lanƙwasa ba zai ɗauke shi ba. Sai benci mai ƙarfi, a daidaitaccen wuri.

Wanda bai da halin akwatin gilashi kada ya karaya. Sabon babban bahon roba mai faɗin baki, ko babbar kwatanniya, za su yi aikin, kuma a irin haka mutanen Sin suka ajiye shi ƙarni da dama suna kallonsa ta sama. Faɗi ya fi zurfi amfani, domin ta fuskar ruwa iska ke shiga. Sharaɗin shi ne mazubin ya zama sabo, wanda bai taɓa ganin omo ko mai ko magani ba.

Sauran kaya su ne ɗan injin hura iska da siririn tiyo da mataci na soso, sai wankakkiyar tsakuwa manya-manya waɗanda ba za su maƙale a bakin kifi ba, da bokiti ɗaya da kofi ɗaya da aka keɓe wa kifi kaɗai. A haɗa komai, a cika ruwa, a kunna injin, a riƙa jefa ɗan tsinken abincin kifi duk bayan kwana biyu, ba tare da kifi a ciki ba, har mako huɗu zuwa shida. Abincin zai ruɓe ya ciyar da bakteriyar. Idan an samu ɗan soso ko tsakuwa daga akwatin wani mai lafiyayyen kifi, aikin zai fi sauri. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar da aka sayo kifi, a zaɓi mai kuzari, wanda fika-fikansa ke buɗe, babu tabo ko farin ɗigo a jikinsa. A tafiyar mota a sa ledar a cikin kwali ko bokiti a inuwa, kada a jefa ta a but. Idan an iso gida, a ɗora ledar a ɗaure a kan ruwan akwatin minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita, sannan a fito da kifin shi kaɗai, a zubar da ruwan ledar a waje.

Wane ruwa za a zuba?

Ruwan famfo na hukuma akan sa masa kulorin don kashe cuta. Yana da amfani gare mu, amma yana kashe kifi da bakteriyar mataci. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa, wanda ya fi tabbas.

Ruwan burtsatse galibi yana da tsabta, sai dai yakan fito daga ƙasa da ƙarancin oksijin. A bar shi ya kwana a bokiti, a zazzuba shi daga wannan bokiti zuwa wancan sau da yawa kafin a yi amfani da shi.

Ruwan rijiya ya danganta da inda rijiyar take. Wadda ke cikin fadama ko gefen gonar da ake yi wa feshi da taki, musamman da damina, a guje ta. Haka ruwan rafi da na kududdufi: ban da magungunan gona, suna ɗauke da ƙwayoyin cutar kifi.

Ruwan sama na farkon damina yana wanko ƙura da kashin tsuntsaye daga kwano, don haka a bar shi ya wuce. Na tsakiyar damina ma ba shi da sinadaran ƙasa da kifi ke buƙata, sai an gauraya shi da na burtsatse. Kowane ruwa aka zaɓa, a tsaya a kansa, domin yawan sauyi yana gigita kifi. Kada toka ko kanwa su shiga, saboda suna ƙara wa amoniya dafi.

Feshi da fiya-fiya

Nan ne yaran yankinmu za su fi buɗe ido, domin daga Danja zuwa Bakori, Funtuwa da Malumfashi, da wuya a samu gidan manomi da babu maganin feshi. Magungunan ƙwari da ake fesa wa tumatur da wake da auduga, ɗan abin da ya rage a hannu ko a bokiti ya isa ya ƙarar da kifin akwati guda. Bokitin da aka taɓa haɗa maganin ciyawa ko na ƙwari a ciki, ko an wanke shi sau goma, ba na kifi ba ne. Wanda ya dawo daga feshi ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya matso.

A cikin ɗaki ma akwai haɗari. Fiya-fiya da maganin sauro na gwangwani da na hayaƙi duk suna sauka a kan ruwa, injin iska kuma yana zuƙo su ya tura ciki. Abin da ya fi shi ne akwatin ya zauna a ɗakin da ba a fesawa. Idan dole ne a fesa, a kashe injin, a rufe akwatin ruf da leda, a buɗe tagogi bayan an gama, sai warin ya fita sannan a buɗe a kunna. Gidan sauro mai magani yana kare mu daga zazzaɓin cizon sauro, kuma wajibi ne mu ci gaba da kwana a cikinsa, amma maganin da ke jikinsa guba ne mai tsanani ga kifi. Kada a yanki tsohonsa a yi murfi ko abin kamun kifi.

Iyayen da ke tsoron akwatin zai tara sauro su kwantar da hankali: kifin zinari yana cinye tsutsar sauro. Bokitin da ake ajiye ruwan sauyi ne ya kamata a rufe da ƙyalle mai tsabta.

Bazara, hunturu da ɗauke wuta

Kifin zinari ɗan ruwan sanyi ne. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Salshiyas. Hunturu bai dame shi ba, ba ya buƙatar na'urar ɗumama ruwa. Cin abincinsa ne kawai zai ragu, sai a rage masa. Abin lura a lokacin shi ne ƙura, sai a yi murfi da yadi mai shara-shara.

Jarrabawar tana cikin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke kusantar digiri 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai: lita ɗaya a digiri 20 tana riƙe kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi. A daidai lokacin ne kuma jikin kifi ke ƙara buƙatar iskar, dafin amoniya shi ma yana ƙaruwa da zafi. Idan aka ga kifi yana hamma a saman ruwa, iska ce ta yi masa kaɗan.

A ajiye akwatin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da hasken rana kai tsaye. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin kwano marar silin. Sauran dabarar tana wurin randar ɗakin Inna: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, bushewar tana tafiya da zafi. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatur da ganye, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Mu ma za mu iya lulluɓe gefen akwatin da jiƙaƙƙen tsumma, mu sa fanka ta riƙa kaɗa fuskar ruwan, mu riƙa cike gurbin abin da ya bushe. Kada a jefa ƙanƙara a ciki. Sauyin zafi na farat ɗaya ya fi zafin kansa illa.

Idan an ɗauke wuta, injin iska zai tsaya, bakteriyar mataci kuma su ma da oksijin suke rayuwa. Akwai ƙananan injina masu aiki da batir ko fawabank, kuma ƙaramar sola ta isa ta riƙe su. Idan babu, a ɗebi ruwan akwatin da kofin kifi a riƙa zubo shi daga sama na 'yan mintuna, a maimaita lokaci-lokaci, musamman da tsakar rana da kuma kafin barci. A irin wannan ranar a dakatar da ba da abinci.

Ƙauna ba ta cikin yawan abinci

Kifin zinari ba shi da tumbi irin namu. Abinci yana wucewa ne kai tsaye ta dogon hanji. Shi ya sa kullum yake kamar mai jin yunwa, yana bin duk wanda ya matso. Kada wannan ya ruɗe mu. A ba shi abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, a kwashe ragowar. Lafiyayyen kifi zai iya kwana biyu ko uku bai ci ba, ba abin da zai same shi. Yawan ci kuwa yana ɓata ruwa, yana kumbura shi har ya kasa daidaita iyo.

Abincin da aka yi musamman don kifin zinari shi ne kan gaba. Na tarwada an haɗa shi ne don kifi ya yi ƙiba da wuri a kai kasuwa, maiƙonsa ya yi yawa. Idan shi kaɗai ake samu, a ba da ƙananan ƙwayoyi kaɗan-kaɗan. Sau biyu a mako a ƙara da ɗan dafaffen alayyafo ko latas ko koren wake da aka ɓare, bayan an wanke su sosai, ba gishiri ba mai. Burodi da biskit da tuwo da gari ba su da wuri a akwatin. A gida mai yara da yawa, a naɗa mutum ɗaya mai ba da abinci. Idan kowa ya wuce ya jefa nasa, kafin Juma'a ruwan ya lalace.

Aikin ƙarshen mako

Kowane mako a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuƙo ƙazantar da ke ƙasa da tiyo, a mayar da sabon ruwan da ya kwana, mai zafi daidai da na akwatin. Kada a ja tiyon da baki. A cika shi da ruwa, a toshe bakunansa da yatsa, a sa ɗaya a akwati ɗaya a bokitin da ke ƙasa. Soson mataci a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo, duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Gansakukar jikin gilashi a goge ta da sabon soso.

Babban kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne a fito da kifi, a zubar da ruwa duka, a wanke akwati da tsakuwa da omo har su yi ƙyalli. Hakan yana kashe bakteriyar da aka sha wahalar reno, ragowar omo kuma guba ce. Ruwan da aka ɗebe kuwa kada a zubar a kwata. Naitiret ne a cikinsa, a ba shukar zogale ko alayyafo ko irin tumatur da ke gida.

Kafin a sa hannu a ruwa a cire filogin wuta. A wanke hannu da ruwa zalla kafin aiki, da sabulu bayan aiki, mai rauni a hannu kuma ya bar wa wani. Gidan da ke da yaro mai rarrafe, baho ya samu murfi mai ƙarfi ko a ɗaga shi inda hannunsa ba zai kai ba.

Idan kifi ya canza

Ruwa ba ya tsami banza. Kifin da ya naɗe fika-fikansa, ko ya kwanta a ƙasa, ko ya ƙi abinci, ko jajayen layuka suka fito a wutsiyarsa, ko bakin wutsiyar ya fara zagwanyewa, yana faɗa mana wani abu game da ruwansa. Matakin farko shi ne a sauya kashi ɗaya cikin uku, a ƙara iska, a dakatar da abinci kwana ɗaya. Akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su nuna yawan amoniya da naitirait ta hanyar sauya launi; a lafiyayyen akwati dukansu sifili ya kamata su nuna.

Cutar da aka fi gani ita ce fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa gishiri, kifin yana goga jikinsa da tsakuwa. Wata ƙaramar halitta ce ke shiga fatarsa, ta faɗo ƙasa ta hayayyafa, 'ya'yanta su sake kama shi. Magani yana kama ta ne a lokacin da take yawo a ruwa, shi ya sa ake ci gaba da shi kamar mako biyu ko da ɗigon ya ɓace. Masu kiwo kan yi amfani da gishiri zalla: giram 1 a kowace lita a rana ta farko, a ƙara a hankali har giram 3 cikin kwana uku. Gishiri ba ya bushewa tare da ruwa, don haka gwargwadon ruwan da aka ɗebe kawai ake mayar wa nasa. Kada a farke kafson mutane a zazzage a ruwa. Idan abin ya ci tura, a nemi likitan dabbobi ko malamin gona mai kula da kifi. Sabon kifi kuma a ware shi a wani mazubi mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da na gida, kamar yadda ake yi wa sabuwar kazar da aka sayo a kasuwa.

Kada a sake shi a dam

Wanda ya gaji da kifinsa ya ba wani ko ya kai makaranta. Sakin sa a rafi ko a madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye ba tausayi ba ne. Kifin zinari da ya samu sarari yana girma ya hayayyafa, yana tonon ƙasan ruwa ya dagula shi, yana cin ƙwan wasu kifaye, yana iya yaɗa cuta. A Kogin Vasse da ke yammacin Ostireliya, masu bincike daga Jami'ar Murdoch sun kama waɗanda nauyinsu ya kai kusan kilo 2, jikokin waɗanda aka saki daga gidaje. Karfasa da tarwadar da masuntanmu ke ci da iyalansu da su ba sa buƙatar irin wannan kishiya.

Amana ce, kuma aji ne

A Islamiyya an karantar da mu labarin matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Akuya idan ta ji ƙishirwa za ta yi kuka, kaza za ta fita ta yi tono. Kifin da ke cikin gilashi ba ya kuka, ba ya iya fita. Iskar da zai shaƙa da ruwan da zai kwana a ciki duk suna hannun mai shi. Wanda ya san zai tafi makarantar kwana kuma babu mai riƙe masa, gara ya jinkirta sayen.

Wanda ya riƙe amanar kuwa zai samu fiye da abin kallo. Zai ga zagayen naitirojin da idonsa, ya koyi awo da ajiye bayani, ya san darajar ruwa mai kyau. Ilimin nan shi ne tushen kiwon tarwada da karfasa na kasuwa. Akwai sashen nazarin kifi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da kwalejin koyon aikin kifi a New Bussa ta Jihar Neja. Najeriya ma tana cikin ƙasashen da ake fitar da kifayen ado na kogunansu zuwa waje.

Ga aikin da muke ba ƙungiyoyin matasan manoma da na kimiyya a makarantunmu. A samu malami ɗaya ya jagoranta, a haɗa baho ko akwati guda, a bar shi mako shida ba kifi. A buɗe littafi a riƙa rubuta zafin ruwa safe da rana, da ranar da aka sauya ruwa, da wanda ya yi aikin. A shuka tumatur a gwangwani biyu, ɗaya a riƙa ba shi ruwan akwatin, ɗaya ruwan rijiya, a auna tsawonsu duk Litinin. Idan littafin ya cika mako shida babu ranar da aka tsallake, ajin ya cancanci kifinsa na farko. Ku rubuto mana abin da kuka gani.